Yadda Za Ka Tashi Daga Garwa Ka Je Tsibirin Chumbe, Ka Leƙa Ƙarƙashin Teku, Ka Taka Dajinsa

Ranar da na gaya wa kawuna cewa zan je wani tsibiri in kifa fuskata cikin teku in kalli kifi, sai ya ajiye kofin shayi ya dube ni. "Kai yaro, kifin da ake jibgewa a bakin gadar Binuwai bai ishe ka kallo ba?" Na ce, "Kawu, ai wancan matacce ne." Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, amma in bar masa makullin shago kafin in tafi, don shi bai taɓa ganin Bahaushen da teku ta yi wa alheri ba.

Na je, na dawo, na karɓi makullina. Tun daga nan mutane ke tare ni da tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Chumbe ɗan ƙaramin tsibiri ne a Tekun Indiya, kudu maso yamma da birnin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. Tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Babu ƙauye, babu mota, babu rijiya. A shekarar 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana murjanin da ke gefensa na yamma, wato duwatsun da ƙananan halittu masu rai ke ginawa a ƙarƙashin teku, da kuma dajin da ke kansa a matsayin wuraren da aka killace, bayan ƙoƙarin wata Bajamusa mai suna Sibylle Riedmiller. Tun kafin nan ma masunta ba su cika zuwa ba, saboda wurin yana bakin hanyar manyan jiragen ruwa da ke zirga-zirga tsakanin Darussalam da Zanzibar, an kuwa hana ƙananan kwale-kwale tare musu hanya. Wannan hanin ne ya bar murjanin da ransa. Yau ana lissafa ire-iren murjani sama da 200 da ire-iren kifi sama da 400 a wannan ɗan wurin.

Mataki na farko: ka dubi wata kafin ka dubi kuɗin jirgi

Mu da muka tashi a bakin Binuwai ko Lagwan, mun san kogi yana cika da damina, ya ƙafe da rani. Teku ba ta jiran damina. Sau biyu take cika a yini da kwana, sau biyu take janyewa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A Zanzibar, tsakanin cikarta da janyewarta kan kai mita huɗu in abin ya yi ƙarfi. Inda ka tsaya da hantsi ƙafarka a kan yashi, da la'asar ruwan wurin ya shanye mutum biyu a tsaye.

Wata ne ke jan wannan ruwa, mu kuwa ba a koya mana lissafin wata. Ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wato wajen 1 zuwa 3 ga wata, da kuma 14 zuwa 17. Mutanen can suna kiran waɗannan kwanaki bamvua. In kana son ka zagaya tsibirin a ƙafa ta bakin teku, to waɗannan ranaku za ka nema, domin a lokacin ne ruwa ke ja da baya sosai da hantsi ya buɗe hanya. A sauran kwanaki za ka shiga daji, za ka kalli kifi, amma zagayen ba lallai ya samu ba.

Sai kuma lokacin shekara. Daga Maris zuwa Mayu ake tafka babban ruwan sama a can, daidai lokacin da Garwa ke tafasa da zafi, kowa na neman inda zai gudu. Kada zafin ya ruɗe ka, domin a tsakiyar wannan ruwa masu kula da tsibirin kan rufe shi na wasu makonni su yi gyare-gyare. Yuli zuwa Oktoba ya fi daɗi, haka ma Janairu da Fabrairu. Kuma ka kauce wa watan azumi. Duk iya taka-tsantsan ɗinka sai ruwan gishiri ya sami hanyar maƙogwaro.

Mataki na biyu: takardu da hanya

Ka fara da neman gurbi a tsibirin ta intanet, tun kafin tikitin jirgi. Ɗakunan kwana bakwai ne kacal, masu zuwa yini ma ƙidayayyu ne. Ba wurin da za ka faɗa kwatsam ka ce ga ni ba ne.

Fasfo ya zama yana da sauran akalla wata shida. Karnen rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Biza ka nema ta intanet tun kana gida. 'Yan'uwa masu fasfo na Chadi, Nijar ko Najeriya su fi kowa saurin farawa, domin su ba a buga musu biza a filin jirgi, sai an aika da buƙatarsu an amince tukuna, abin kuwa yana cin makonni. Akwai kuma inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, wadda aka fara da dala 44 ga kowane babba. Ka biya ta intanet, ka buga takardar ka riƙe.

Sefa ba ta da aiki a can. Ka canza zuwa yuro, wadda farashinta ke tsaye a kan kusan sefa 656, ko dalar Amurka sabuwar bugawa, don tsofaffin takardu ana ƙin su. In ka isa sai ka canza kaɗan zuwa shilin Tanzaniya. Kada ka ɗaure kayanka da baƙar leda irin ta kasuwarmu, tun Yunin 2019 aka haramta ta a ƙasar. Ka kuma sayi kan caja mai ƙafa uku, namu mai ƙafa biyu ba ya shiga bangonsu.

Hanya kuwa, mutumin Garwa ya hau motar ajans zuwa Ngaundare, ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Ka daure ka sayi kushet, wato wurin kwanciya a jirgin, tafiyar da ke gabanka doguwa ce. Daga Yawunde ko Duwala sai jirgin Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Zanzibar. Mutumin Marwa ko Kuseri bai da dalilin gangarawa kudu. Ya tsallaka gadar Ngeli ya tashi daga Injamena zuwa Adis Ababa kai tsaye.

Mataki na uku: ka koyi numfashi tun a gida

Nan ne yawancin mutanenmu ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Kayan aikin uku ne: gilashin ruwa mai rufe ido da hanci, bututun numfashi da ake cizawa a baki, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. A tsibirin ana ba da aron su duka. Amma gilashi da bututu na fi son mutum ya sayi nasa a Duwala ko Yawunde, ko ya sa a kawo masa, saboda ya yi atisaye da su.

Gwajin gilashi ba wuya. Ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ja iska kaɗan ta hanci, sake hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗi, nemi wani. Ka guji wannan mai rufe fuska gaba ɗaya da ake sayarwa da araha, wasunsu kan tara gurɓatacciyar iskar da ka fitar ka yi ta sake shaƙarta har kanka ya fara juyawa. Sabon gilashi ka goge cikinsa da man goge baki ka ɗauraye. Ranar shiga ruwa kuma ka tofa masa miyau ka shafa da yatsa, ka ɗauraye sama-sama. Ƙazanta ce a ido, amma ita ke hana shi yin hazo.

Masu gashin baki, ku matso kusa. Robar gilashin tana zama ne a ƙarƙashin hanci, gashi kuwa yana buɗe wa ruwa ƙofa. Ni ban sani ba sai da na ji ruwan gishiri na taruwa a hancina, na ɗago a firgice ina tari kamar tunkiyar da aka yi wa ɗure. Magani shi ne ka rage gashin da ke dab da hanci, ko ka shafa masa ɗan man kaɗanya. Gemu ba ruwansa, bar abinka.

Atisayen farko a tsakar gida za ka yi shi. Cika babban baho da ruwa, durƙusa, sa gilashi, ciji bututu, nutsa fuska. Yara za su taru su yi dariya, ƙyale su. Abin da kake koya wa jikinka shi ne ya yarda cewa fuska na cikin ruwa amma iska na zuwa ta baki. Minti na farko zuciya za ta yi ta bugawa tana ce maka ɗago. Kada ka ɗago. Ja numfashi a hankali, fitar a hankali, kamar mai barci. In ka iya minti biyar ba tare da ka ɗago ba, sai ka bar ruwa kaɗan ya shiga bututun da gangan, ka hura shi waje da ƙarfi sau ɗaya, kamar za ka ce "tu!", sannan ka ja numfashi na gaba sannu-sannu ko da saura.

Daga baho sai wurin ninƙaya na otal, a gefen da ruwa bai wuce ƙirji ba, da wani a tsaye kusa da kai. Kada ka ce za ka gwada a Binuwai ko tafkin Lagdo. Ruwan ba ka ganin tafin hannunka a ciki, ga dorina, ga kada, ga tsargiya da ke shiga ta fata.

Wanda bai iya iyo ba fa? Zai iya zuwa, in dai ya faɗi gaskiya. Ana ba da rigar da ke hana nutsewa, jagoran kuma yana jan wata tayar ceto wadda za ka riƙe. Da haka suke shigar da 'yan makarantar Zanzibar waɗanda da yawansu ba su taɓa iyo ba. Abin da ke jawo matsala shi ne girman kai, Alhaji ya ce shi ya yi wanka a Binuwai yana yaro, alhali rabonsa da ruwa mai zurfi shekara talatin. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa. In ba ka tabbata za ka fid da kanka ba, karɓi rigar.

Mataki na huɗu: abin da za ka sa a jaka

Riga mai dogon hannu da dogon wando na roba masu kama jiki, na shiga ruwa. Sun rufe al'aura, sun kuma kare ka daga rana. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Awa guda kana kwance rub da ciki a saman ruwa, ƙeya da bayan ƙwauri na kallon sama, da dare za ka gane. Hajiya ta nemi kayan iyo na mata masu rufe jiki har da kai, ana samun su. Zane, abaya da dogon hijabi haɗari ne a ruwa, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa.

Sai takalmi sau-ciki mai ƙwaƙƙwaran ƙasa, hula, gorar ruwa, tocila, maganin sauro, jakar roba mai zif don waya, da ƙwayar hana amai da za ka sha awa guda kafin hawa jirgin ruwa. Mutumin da ya saba da kwale-kwalen Lagdo bai san rawar teku ba.

Mataki na biyar: safiyar tafiya

Agogon Zanzibar yana gaban na Kamaru da Chadi da awa biyu, wannan waya za ta gyara da kanta. Wanda waya ba ta gyarawa shi ne lissafin awa na Swahili, wanda ke farawa da fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya a wurinsu. Ni da rawar kai na haddace lambobinsu a jirgi, na ce wa mai tasi ya zo "saa tisa", ina nufin ƙarfe tara. Ya ce to. Da safe na zauna bakin ƙofa da jakata har tara da kwata, shiru. Yaron masauki ya tambaye ni me na ce wa direban, da na faɗa sai ya kama ciki. "Baba, ai ƙarfe uku na rana ka ce masa." Da ƙyar ya samo mini wata mota. Ƙarfe tara "saa tatu" ce. In ba ka son rikici, nuna lokacin a fuskar waya.

Jirgin ruwan yakan tashi da misalin ƙarfe goma daga Mbweni, 'yan kilomitoci kudu da tsohon birnin, tafiyar kamar minti 45. Babu gadar hawa. Za ka naɗe wando ka taka cikin ruwa har inda jirgin yake, haka ma wurin sauka. Waya da fasfo su kasance cikin jakar roba tun daga masauki. Ka yi bisimilla, ka zauna tsakiya inda girgiza ta fi sauƙi, ka kafa ido a kan hasumiyar tsibirin, wadda za ka hango tun daga nesa.

Mataki na shida: cikin ruwa

Jagora ne ke sa lokacin shiga, shi ma ruwa ne ke sa masa. Kada ka matsa masa. Za a ɗauke ku a ƙaramin jirgi zuwa gefen murjanin, a yi bayani, sannan a sauka ɗaya bayan ɗaya.

Da ka shiga, kada ka fara iyo. Riƙe taya, kwanta rub da ciki, saki jiki. Ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da ruwan kogi, za ka ji kamar an sa maka hannu a ciki. Sannan ka sa fuska.

Abin da ya fara zo mini ba kallo ba ne, ƙara ce. Wani ƙas-ƙas-ƙas ta ko'ina kamar ana soya gyaɗa a yashi. Can sai na ga wani kifi kore shar, tsawon zira'i, mai baki irin na aku, ya kafa haƙora a jikin dutse yana gurgura, ya juya ya saki farin gari ta bayansa kamar an kaɗe buhun fulawa. Yawancin farin yashin irin waɗannan tsibirai daga cikin irinsa ya fito. Ƙasa da shi murjani ne iri-iri, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci. Na manta da bututun da ke bakina sam.

Murjanin nan, ɗan'uwan wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, ba dutse ba ne kawai. Ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi, wani nau'in santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara. Taku ɗaya ya rushe aikin shekara goma. Don haka ba tsayuwa a kai, ba taɓawa, ba ɗauka. In ka gaji, riƙe taya ko ka juya rigingine. Kariyar kanka ce ma: akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, akwai kifi mai dafi da ke kwanciya ya saje da dutse.

Ƙafa kake kaɗawa daga cinya, a hankali, hannu a jiki. Komai za ka gan shi ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa, aikin gilashi ne. Saboda haka in ka ga ɗan kifin shak mai baƙin tabo a fiffike, kada ka haɗiye bututu. Ƙanana ne, tsoronka suke ji. Kunkurun teku in ya zo wucewa, ba shi hanya, kada ka bi shi.

Bayan kowane ɗan lokaci ɗago ka duba inda jagora da jirgi suke, domin ruwa na tafiya da mutum bai sani ba. In ka ji yana janka, kada ka yi kokawa da shi, ɗaga hannu ɗaya ka kaɗa, za a zo. Kuma kada ka yi ta jan numfashi da sauri-sauri don ka nutsa ƙasa ka daɗe, mutane na suma a haka ba tare da wata alama ba.

Mataki na bakwai: daji da hasumiya

Bayan abincin rana ake shiga daji. Abincin yawanci kifi ne da shinkafar kwakwa da kayan yaji, wani lokaci har da dorinar ruwa mai hannu takwas, wadda suke kira pweza. A mazhabar Malikiyya abin teku halal ne, sai dai in zuciya ce ta ƙi.

Tsibirin gaba ɗayansa tsohon murjani ne da ya bushe ya zama dutse, cike da ramuka da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Silifas ba ya kai ko'ina. Ƙasa kaɗan ce, ruwan ƙasa babu, amma itatuwa sun cunkushe, saiwoyinsu na bin ramuka. A tsakiyar wannan baƙon daji sai ga kuka, irin tamu ta hanyar Pitowa, tsaye abinta. Na yi mata sallama. Ka dubi ƙasa kana tafiya, za ka ga ɓawon manyan kumbunan teku da suka zama dutse. Akwai wata ƙaramar gada da aka kawo don kare irinta daga ƙarewa, amma ganinta sai mai rabo. Ka bi sawun jagora, kada ka ratse, domin ganye na rufe ramuka.

Hasumiyar jagorar jiragen ruwa Turawan Ingila ne suka gina ta a 1904. Matakalarta sama da 130 ce, a murɗe, mai ciwon gwiwa ya yi shawara da gwiwarsa. Daga sama za ka ga jirage masu filafilai suna ratsa mashigin, ka kuma ga iyakar murjanin, inda ruwa ke tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu. A gindinta akwai ɗan masallacin da aka gina wa masu tsaron hasumiyar, har yanzu ana salla a ciki. Ka lura da alƙibla. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", a can arewa ake fuskanta, don Makka na kusan saitin kansu.

In ka dace da bamvua, zagayen bakin teku shi ne daɗin tafiyar. Za ka bi ƙarƙashin duwatsun da ruwa ya ƙwaƙule gindinsu, kana leƙa ƙananan kududdufai masu kaguwa da taurarin teku. Jagora in ya ce a juya, a juya. Ruwa ba ya dawowa da hayaniya, lallaɓowa yake ta baya ya rufe hanyar da kuka bi. Kuma kada ka tsinci katantanwa mai siffar mazurari, wasu na da harbi mai kisa.

Masu yini kan koma da la'asar. In aljihu zai ɗauka, ka kwana ɗaya. Ɗakunan da ruwan sama da aka tara da hasken rana suke aiki, saboda haka wanka da awo ne. Bayan isha jagora zai kai ku da tocila ku nemi kaguwar kwakwa, wadda kan kai kilo huɗu, tana hawa bishiya, tana fasa kwakwa da hannunta. Tsaya nesa kaɗan, ka janye yatsun ƙafarka.

Kafin ka haɗa kaya, ɗauraye gilashi da bututu da ruwan daɗi ka shanya a inuwa, in ba haka ba gishiri zai cinye robar. Daga tsibirin ba a fita da komai, ko ɓawon katantanwa. Tsaraba sai a kasuwar Darajani cikin birni: kanumfari, kirfa, masoro. Kawu rabin kilo na kanumfari na kawo masa, da hoton kifin nan mai bakin aku. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya ce, "To shi wannan, ana cin sa?"